Daga ciwon hanta zuwa ciwon daji: nazarin lamarin wani manomin gyaɗa a Jigawa

Da kaka ya zo, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Tun daga nesa na hango shi ta tagar ɗakin shan magani, yana tafe a hankali, hannunsa na dama dafe da gefen ciki kamar mai tare wani abu kada ya faɗo. Garinmu ɗaya da shi a nan Jigawa, ba nisa da kasuwar Gujungu. Ya girme ni da shekara shida, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Likita, ko da yake ni ma'aikacin lafiya ne na matakin farko. Ba zan ambaci sunansa ba, kuma sai da iyalinsa suka amince na rubuta wannan.

Shekararsa 41, matansa biyu, 'ya'ya bakwai, amarya kuma na da ƙaramin ciki. Ba ya shan taba, giya kuwa ko warinta bai sani ba. Mutum ne da ke ɗaukar buhu shi kaɗai ya aza a amalanke.

"Likita, cikin nan ne ya ƙi ni," in ji shi. "Loma uku in na yi, sai in ji kamar akushi guda na cinye."

Wata uku ke nan yana fama. A kemis an yi masa allurar taifot har zagaye biyu, an ba shi maganin olsa. Da idonsa ya soma yin ɗorawa, Inna, mahaifiyarsa, ta ce shawara ce, ta haɗa masa jiƙon saiwar rawaya. Kafaɗunsa sun zube, wuyan riga ya yi masa yawa, amma ciki ya fito gaba.

Na kwantar da shi na danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Hantar mai lafiya ɓuya take yi a bayan haƙarƙari, da wuya hannu ya same ta. Tasa ta sauko kusan faɗin tafin hannu, da tauri, da ƙulli-ƙulli kamar an cusa tsakuwa a jakar fata. Na huda yatsarsa na ɗiga jini a kan tsinken gwajin ciwon hanta nau'in B. Kafin in gama rubuta katinsa layi biyu sun fito.

Da na gaya masa, bai yi mamaki ba. Ya laluba aljihu ya zaro wata takarda da ta sha ninki har ta soma rabewa. "Ai wannan ne na taɓa nuna maka."

Na gane ta. Shekara biyu kafin nan, uwargidansa ta zubar da jini wajen haihuwa, ya je wani asibiti a cikin gari zai ba ta nasa. Aka gwada, aka ce jininsa ba zai yi ba, aka miƙa masa wannan takarda, ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya kawo mini. Na duba, na tambaye shi ko yana jin wani ciwo, ya ce ko ciwon kai. Na ce masa ya guji magungunan da ba a san kansu ba, in ya ji wani abu ya dawo. Iyakar abin da na yi ke nan. Ban tura shi a auna yawan cutar a jininsa ba, ban tura shi hoton ciki ba, ban nemi a kawo iyalinsa ba. Na ɗauki rashin jin ciwo a matsayin lafiya, alhali hanta ba ta kuka sai aski ya zo gaban goshi. Wannan kuskure nawa ne, kuma shi ya sa na zauna na bi lamarin daga tushe.

Abin da aka gani a Kano

Sa ɗaya daga cikin shanun huɗarsa aka sayar, ƙanensa ya raka shi wani babban asibiti a birnin Kano. Hoton ciki ya nuna hanta ta motse ta yi kaushi, ga ƙari babba a ɓangaren dama, ga ƙanana sun watsu a na hagu, ciwon kuma ya kutsa babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji zuwa hanta. Akwai wani furotin da ake aunawa a jini, alfa-fetofurotin, wanda na babba mai lafiya bai cika wuce 10 ba. Nasa ya haura dubbai. Likitan ya kira ƙanen gefe ya gaya masa gaskiya: ciwon daji ne na hanta, kuma ya wuce aiki. Aka zuƙe masa ruwan ciki, aka ba shi maganin rage zafi da ƙwayar tenofovir mai danne ciwon hanta nau'in B, aka sallame su.

Daren da suka dawo, ƙanen ya same ni a gida. Mai karatu ne, ya yi sakandare. Ya ce, "Likita, abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Kai ka ce ƙwayar cuta ce, su sun ce daji ne. Daji ai ba a ɗaukarsa. To wanne ne a ciki?"

Duka biyun ne, kuma amsar wannan tambaya ita ce zuciyar lamarin.

Yadda bairos ke juya ƙwayar hanta

Jikin mutum gini ne na ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana ɗauke da kundinta na umarni, wato DNA, mai haruffa kusan biliyan 3. A cikin kundin nan aka rubuta yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya, yaushe za ta mutu ta ba wata wuri. Ciwon daji ba wani baƙon abu ba ne da ya shigo daga waje. Ƙwayar jikin mutum ce da kanta, wadda kundinta ya lalace har ta daina jin "tsaya". Shi ya sa ba a ɗaukar daji daga mai shi. Abin da ake ɗauka shi ne bairos, wato ƙwayar cutar da ke lalata kundin, kamar wadda ke kawo ciwon hanta nau'in B.

An daɗe ana gardama kafin a yarda da haka. A 1911 wani likita a Amurka, Peyton Rous, ya cire ƙari daga jikin kaza, ya niƙa, ya tace da matacin da ko bakteriya ba ta iya bi, ya yi wa lafiyayyun kaji allurar ruwan. Su ma suka yi ƙari, alamar bairos ne ya kawo shi. Masana da yawa suka ce wannan sha'anin kaji ne, bai shafi ɗan Adam ba. Sai a 1966, bayan shekara 55, aka ba shi kyautar Nobel. A game da hanta kuwa, binciken da ya rufe bakin gardama a Taiwan aka yi shi. Palmer Beasley da abokan aikinsa sun bi maza 22,707, rahotonsu na 1981 ya nuna masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B sun fi waɗanda ba su da shi haɗarin kamuwa da dajin hanta fiye da sau 200.

Bairos ɗin nau'in B ɗan mitsitsi ne, kundinsa haruffa kusan 3,200 ne kacal. Idan ya shiga jini, hanta yake nufa, ya bi ta ƙofar da ƙwayar hanta ke karɓar gishirin maɗaciya, ya wuce har ƙuryar da kundin yake. A nan yake naɗe nasa DNA kamar zobe ya zauna, ya mai da ƙwayar masana'antar buga irinsa. Zoben nan shi ne dalilin da ya sa magungunan da ake da su yanzu suke danne cutar amma ba sa tumɓuke ta.

Daga nan ɓarnar kan bi hanyoyi da ke taimakon juna. Ta farko ma ba bairos ɗin ne ke yin ta da hannunsa ba, garkuwar jiki ce. Sojojin jiki suna gane ƙwayoyin da suka kamu, su kashe su. Hanta kuma Allah ya yi ta da saurin tsiro, sai ta haifi sababbi, sababbin su kamu, a sake kashe su. A yi ta haka shekara ashirin, talatin, arba'in, mai ita yana noma yana cin kasuwa bai san ana yi ba. Duk sanda ƙwaya za ta rabu sai ta kwafi kundin nan gaba ɗaya, kuma duk mai kwafa da hannu ya san in aka yi ta maimaitawa cikin gaggawa, wata rana sai an tsallake harafi. Wurin da aka yi ta rauni kuma yakan bar tabo. Wanda ya taɓa riƙe hantar ragon Layya ya san santsinta da laushinta. Tabo kan tabo yakan mai da ita kamar fako, inda ruwa ba ya shiga, shuka ba ta kamawa. Wannan shi ne motsewar hanta da hoton Yaya ya nuna.

Hanya ta biyu ita ce ta fi ba ni tsoro tun ranar da na fahimce ta. Wani lokaci gutsuren DNA na bairos yakan tsinke ya manne a tsakiyar kundin mutum, ya zama wani ɓangare nasa, duk 'ya'yan da ƙwayar za ta haifa su gaje shi. In ya faɗa inda ba komai, shi ke nan. Amma akwai wuraren da in ya sauka, an shiga uku. A bakin kowane zaren DNA akwai wani ɗauri kamar ƙullin da ake yi wa bakin igiya don kada ta warware. Duk rabuwa ɗaya sai ɗaurin ya ragu, in ya ƙare ƙwayar ta tsufa, ta daina haihuwa. Haka jiki ke ƙayyade wa kowace ƙwaya wa'adinta. Akwai sashen kundin da ake kira TERT, mai iya sabunta ɗaurin, wanda a yawancin ƙwayoyin babban mutum a kulle yake. A dajin hanta na masu wannan cuta, kusa da TERT na cikin wuraren da aka fi samun gutsuren bairos a manne, ya buɗe shi ya bar shi a buɗe. Ƙwayar da ta sami haka ta kuɓuce wa tsufa. Saboda wannan hanya ne nau'in B ke iya kawo daji ko da hanta ba ta kai ga motsewa ba, har ga matashi ɗan shekara ashirin da wani abu.

Sannan akwai wani furotin da bairos ɗin ke ƙerawa, HBx. Don a gane aikinsa sai an san mai gadin kundin, wanda masana ke kira p53. Aikin p53 kamar na malamin tsangaya ne da ba zai bar almajiri ya wanke allo ba sai ya biya daidai. In ya ga kuskure a kwafi, sai ya tsai da ƙwayar har a gyara. In abin ya fi ƙarfin gyara, ya umarce ta ta mutu. HBx yana shiga tsakanin mai gadin nan da aikinsa, yana kuma zuga ƙwayar ta yi ta rabuwa, domin ƙwayar da ke raye tana aiki ita ce gonar bairos. Ba daji yake nema ba, wurin zama yake nema. Dajin ɓarna ce da ke biyo bayan daɗewarsa.

Abin lura, wannan dabara ta kama mai gadi ba ta nau'in B kaɗai ba ce. Shi kansa p53 an gano shi ne a 1979 manne da furotin na wani bairos. Bairos ɗin HPV, mai kawo dajin bakin mahaifa, yana da furotin biyu, E6 da ke sa a rushe p53 ɗungurungum, da E7 da ke kwance wani birkin mai suna Rb. Nau'insa na 16 da na 18 su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na wannan daji, kuma riga-kafinsa ne aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Najeriya a Oktoban 2023, Kano da Jigawa na cikin jihohin farko. Akwai kuma bairos ɗin Epstein-Barr, da aka gano a 1964 a ƙarin da ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Zuwa yanzu bairos bakwai aka tabbatar suna jawo daji a jikin ɗan Adam.

Ban yi wa ƙanen Yaya wannan bayani duka a daren ba. Na yi masa misalin kundi da mai gadi, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato abin ya daɗe a jikinsa ke nan." Na ce ƙwarai, wataƙila tun bai san kansa ba.

Gyaɗar da ake bari a gida

Akwai hannu na biyu a cikin wannan lamari, kuma a tsakar gidansu na gan shi. Na je duba shi wata rana da hantsi na tarar mata sun baje gyaɗa suna tsinta. Mai kyau, cikakkiya, tana shiga buhun kasuwa. Wadda ta motse, ta yi baƙi-baƙi, ko ta yi fumfuna, ana tara ta a ƙwarya. Na tambayi uwargida ina za a kai ta ƙwaryar. Ta ce, "Ta gida ce, Likita. A yi ƙuli, a yi miya, a dama wa yara kunu." Haka ake yi a kusan kowane gida a garinmu, har da wanda na tashi a ciki. Ba ganganci ba ne, talauci ne da tattali.

Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara, musamman in fari ya taɓa su a gona ko an shanya su a ƙasa ko an adana su da danshi, tana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano ta bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta, kuma in an matse mai, a tunkuza ta fi zama, wato a ƙuli-ƙuli. In ta isa hanta, hanta takan yi ƙoƙarin sarrafa ta, garin haka sai ta rikiɗe ta zama wani abu mai manne wa DNA. Kuma tana da wurin da ta fi sara: mazauni na 249 a cikin sashen p53 kansa, inda take sauya harafi ɗaya tak. A 1991 aka gano wannan tambari a dajin hantar mutanen wani yanki na ƙasar Sin da na kudancin Afirka, daga baya aka same shi da yawa a Gambiya.

A duba yadda abin ya haɗu. Bairos ya sa ƙwayoyin hanta rabuwa ba hutu, ya riƙe hannun mai gadi, guba kuma ta zo ta makantar da shi. Haɗarin mai ɗauke da duka biyun ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi. A ganina wannan ne ya sa dajin da a Turai ya fi kama tsofaffi, a nan yake ɗauke magidanta suna tsakiyar ƙarfinsu. Mutumin da ya shekara arba'in yana cin gyaɗar ƙwarya, da bairos a hantarsa, an haɗa masa zafi biyu.

Gidan da aka gwada

Kafin in kai ga gwajin iyali, sai da na kashe wata wuta. Da labari ya bazu cewa ciwon hanta ne, aka ware masa kwano da moɗa, aka hana yara shiga ɗakinsa, wai ana ɗauka ta zufa. Ya ce mini, "Likita, ciwon cikin da sauƙi a kan wannan. Autana ya leƙo sai a janye shi." Na tara su a zaure na gaya musu ba a ɗaukar nau'in B ta cin abinci tare, ko zufa, ko musabaha, ko tari, ko shan nono. Ta jini ake ɗauka, da saduwar aure, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Na sa hannu a kwanonsa muka ci tare a gabansu. Daga ranar yaran suka koma.

Sannan muka yi gwaji. Inna tana ɗauke da shi. Cikin 'ya'yanta huɗu da suka rage, uku suna da shi, har da ƙanen da ya raka shi Kano. Cikin 'yan ubansu biyar, mutum ɗaya. Sai a lokacin aka tuna da babban wansu, wanda ya rasu shekarun baya bai kai arba'in ba, da kumburin ciki da aman jini. An ce sammu ne, har zumunci ya ɓaci da wani gida a kan haka.

Wannan tsari yana magana. Shekarun da mutum ya kamu su ne ke yanke hukunci. Babba in ya kamu, garkuwarsa takan kore cutar, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zame wa ta dindindin. Jariri kuwa, garkuwarsa ba ta gama sanin nata da baƙo ba, sai ta karɓi bairos kamar ɗan gida: kusan 90 cikin 100 na jariran da suka kamu suna zama da shi har abada, kuma kusan ɗaya cikin huɗu daga cikinsu motsewar hanta ko daji ne ajalinsu. Ɗan'uwan nan ɗaya daga ɗaya ɗakin kuwa yana nuna hanya ta biyu da ta yi yawa a ƙasarmu, wato tsakanin yara ƙanana. Bairos ɗin yana iya kwana bakwai ko fiye a busasshen jini a kan ƙarfe bai mutu ba. A zamanin su Yaya, aska ɗaya ce ke cire beli, ta yi askin suna, ta yi tsaga, ta yi wa yaran unguwa kaciya a layi da sanyin hunturu. Riga-kafin kuma bai shiga jerin alluran yara a Najeriya ba sai 2004. Binciken ƙasa na 2018 ya sami kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da cutar. A masallacin Juma'ar garinmu, kowane sahu akwai su.

Inna ta kira ni ɗakinta bayan an watse. Ta ce, "Ɗan nan, gaya mini tsakaninka da Allah. Ni na ba su?"

Na daɗe ban ji tambaya mai nauyin wannan ba. Na ce, "Inna, ke ma ba ki san kina da shi ba, kuma ke ma a ƙuruciya aka same ki. Lokacin da kika haife su babu allurar a ƙasar nan ko da kin nema. Yanzu akwai, kuma ga jikanki na tafe." Ban yi mata ƙarya ba, ban kuma ɗora mata abin da ba laifinta ba. Ta share ido da gefen mayafi ta ce Allah ya sa mu dace.

Cikin 'ya'yan Yaya, ƙananan da katinsu ya nuna sun sami allurar nan mai haɗe da kariya biyar, har da ta nau'in B, a mako 6 da 10 da 14, duk ba su da shi. Babban ɗansa, ɗan shekara 16, yana da shi. An haife shi a shekarun da mutanenmu ke gudun duk wata allura, bayan rikicin riga-kafin shan-inna na 2003 da 2004, ba a taɓa kai shi ba. Uwargida ba ta da shi, muka fara mata riga-kafi. Amarya tana da shi.

Ƙanen ya tambaye ni, muryarsa na rawa, ko shi ma jiran daji yake. Na ce a'a. Mafi yawan masu ɗauke da cutar ba sa yin daji, kuma shi ya sami abin da wansa bai samu ba, wato lokaci. Aka auna shi a Kano aka ga bairos ɗin yana da yawa, hanta kuma ta soma nuna alamar rauni, aka ɗora shi a kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. Maganin yana hana bairos hayayyafa, faɗan da ke cikin hanta ya lafa, haɗari ya ragu sosai. Amma ba ya goge gutsuren da ya riga ya manne a kundi, shi ya sa aka ce ya riƙa zuwa hoton ciki duk wata shida. Ƙarin da aka kama yana ƙarami ana iya yanke shi ko a ƙona shi. Na rubuta ranakun nasa da na yaron a bangon ɗakin shan magani, inda idona ba zai kauce musu ba.

Na kuma je wurin wanzamin gidan. Ban same shi da faɗa ba, dattijo ne mai mutunci, kuma sana'ar gado ce. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi dama ya soma sa masu aski su zo da rezarsu, amma kayan beli da na ƙaho wanke su kawai yake yi. Muka yi maganar tafasa su sosai bayan kowane mutum, na kuma roƙe shi ya bar belin jarirai.

Yaya ya rasu a ƙarshen hunturu, wata huɗu da 'yan kwanaki bayan ranar da ya zo mini. Makonnin ƙarshe sau biyu ana zuƙe masa ruwa, daga baya ya soma rikicewa yana barci da rana, alamar hanta ta kasa tace gubar jini. Kwana uku kafin nan, yana cikin hayyacinsa, ya riƙe hannuna ya ce, "Likita, abin da ke cikin yarinyar nan, amana." Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Daren haihuwa

Riga-kafin nau'in B shi ne riga-kafi na farko da aka tabbatar yana hana daji. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kuma cikin shekarun da suka biyo baya dajin hanta a tsakanin yara ya ragu da kusan rabi. Amma ga jaririn da uwarsa ke ɗauke da cutar, allurar mako shida ta makara. Ta farko dole ta shiga cikin awa 24 da haihuwa, kafin bairos ɗin da ya hau jikinsa wajen fitowa ya kafa zobensa. A nan ne tsarin asibiti da tsarin gida suke saɓawa. Matanmu a ɗaki suke haihuwa, jariri ba ya fita sai an yi suna, mai jego kuma tana wanka har arba'in. Duk wanda ya zauna a ɗakin shan magani yana jiran a kawo masa jaririn kwana ɗaya, zai daɗe yana jira.

Amarya tana cikin takaba aka kai ta gwaji, da rakiyar Inna. Bairos ɗin yana da yawa a jininta, don haka likita ya ɗora ta a kan tenofovir daga mako na 28, don ya ragu kafin haihuwa. Na ba ungozomar unguwar lambata, na ba ƙanen, na ce ko ƙarfe nawa ne.

Da bazara ne, zafi ya kai inda ya kai. Wajen ƙarfe biyun dare wayata ta yi ƙara, ƙanen ya ce an sauka lafiya, namiji. Da haihuwar nan takabarta ta ƙare. Bayan sallar asuba na buɗe firjin mai aiki da hasken rana, na sa kwalbar a akwatin sanyi, na ɗaure a bayan babur. Na tarar an hura wutar ruwan wanka, hayaƙi ya cika tsakar gida. Wata gwaggo ta tare ƙofar ɗaki ta ce ba a taɓa jinjiri da ƙarfe tun cibiya ba ta faɗi ba. Ban kai ga buɗe baki ba Inna ta fito da shi a naɗe cikin zane, ta zauna a bakin ƙofa, ta buɗe cinyarsa da kanta.

"Yi masa, ɗan nan."

Awa biyar da haihuwarsa. Ya tsala ƙara, ya yi shiru da aka mai da shi ga nono. Na cika katinsa, na rubuta ranar dawowa bayan mako shida. Ranar suna wanzami ya zo da sabuwar reza a cikin takardarta, ya ɓare ta a gaban mutane, bai taɓa belin ba. Aka mai da wa yaron sunan mahaifinsa.

Ya karɓi sauran alluran uku a kan lokaci. Saura gwajin jini da za a yi masa in ya cika wata tara, ranar tana nan a bango ƙarƙashin ta baffansa da ta wansa.